Naɗin Sakkwato na "Anar": Nazari kan Waƙar da Mai Ita Ya Wuce

A al'adar kiɗan rok na Turai da Amurka, wato kiɗan da ya dogara ga jita mai amfani da lantarki da ganguna masu ƙarfi, akwai wani rukunin waƙoƙi da masu nazari ke bibiya da ɗoki, su ne waɗanda ƙungiya ta fara naɗa a sutudiyo sannan ta jingine, kamfanin faifai ya kulle su a ma'ajiya. Sanannen misali shi ne "Now and Then" ta ƙungiyar Beatles ta Ingila, wadda John Lennon ya naɗa a kaset a gidansa, abokan kiɗansa suka gwada kammala ta a 1995 suka fasa, ba ta fito ba sai a Nuwamban 2023. Irin wannan tarihi yana yiwuwa ne a inda akwai kamfani mai ikon riƙe waƙa da ikon sakinta a ranar da ya ga dama. A Nijar, inda waƙa ta daɗe tana tafiya daga hannu zuwa hannu ba tare da izinin kowa ba, jingine waƙa yana da wata ma'ana dabam, kuma babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar kundin "Anar" na Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar.

Kiɗan jitar Abzinawa, wanda su da kansu suke kira ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi, ya tashi ne tsakanin samarin da fari da talauci suka kora zuwa Aljeriya da Libiya, kuma ƙungiyar Tinariwen ta Mali da Abdallah ag Oumbadougou na Nijar suna cikin waɗanda suka kafa tubalinsa. Tun a zamanin tawayen Abzinawan Nijar da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, waƙoƙin suna yawo ne a kaset da aka naɗa da rikoda a ɗaki ko a daji, wannan ya kwafa ya ba wancan. Mdou Moctar, ɗan yankin Azawak a jihar Tawa, bahago ne da ya fara koyon kiɗa da jitar da ya haɗa da kansa da katako da wayar birkin keke, kuma a cikin wannan al'ada ta kwafi ya buɗe ido.

A shekarar 2008 ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato don ya naɗi kundinsa na farko, tafiyar da ba baƙuwa ba ce ga mutumin Tawa, tunda hanyar Birnin Ƙonni da Illela tsohuwar hanyar fatauci ce. Sutudiyon arewacin Najeriya a wancan lokaci an gina su ne don waƙoƙin finafinan Hausa, waɗanda ake kira nanaye, inda fiyano ɗaya ke fitar da sautin kalangu da sarewa da ganga baki ɗaya, kuma ake bi da muryar mawaƙi ta cikin Auto-Tune, wata manhajar kwamfuta da aka ƙirƙira a 1997 don daidaita muryar da ta kauce, amma wadda idan aka tsananta ta takan sa murya ta riƙa karkarwa da ƙyalli kamar ta na'ura. Da wannan kayan aiki da wannan kunne aka naɗi "Anar". Abin da ya fito waƙoƙi ne da harshen Tamashek da salon jitar hamada, amma bugunsu na na'ura ne, muryarsu kuma ta sha irin gyaran da duk mai kallon finafinan Kano zai gane nan take. Wannan gamayya ita ce mafi muhimmancin abin da ke cikin kundin, kuma ita ce marubutan waje suka fi saurin tsallakewa idan suna ba da labarin mawaƙin, domin sun fi son hoton rawani da rairayi fiye da hoton ƙaramin ɗakin naɗi a birnin Shehu.

Kundin bai samu fitowa ta kamfani ba a lokacin, amma bai zauna ba. Lokacin ya zo daidai da yaɗuwar ƙananan wayoyin salula masu ɗaukar memori, waɗanda ake tura waƙa tsakaninsu ta Bluetooth ba tare da intanet ko kuɗin kira ba. Duk wanda ya san babbar hanyar ƙasa da ta taso daga Ƙonni ta ratsa Madawa da Gidan Rumji da Maraɗi, ta wuce Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, ya san rumfunan masu cajin waya da ke bakin kasuwanni da tashoshin mota, inda saurayi ke miƙa memorinsa da 'yan dalolinsa a cika masa da waƙoƙi da wa'azi da finafinai. Waɗannan masu turi su ne suka yi wa yankin aikin da kamfanonin rarraba faifai ke yi a wasu ƙasashe, kuma ta irin hannunsu, da hannun direbobi da 'yan ci-rani, waƙoƙin Sakkwato suka kai har arewacin Mali. A can Kidal ne Ba'amurke Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane, kuma "Tahoultine" ta Mdou Moctar ta shiga tarin "Music from Saharan Cellphones" da ya fito a faifan garmaho a 2011, bayan an yi ta cigiyar masu waƙoƙin don a biya su haƙƙinsu.

Daga nan mawaƙin ya bi wata hanya. "Afelan" na 2013 an naɗe shi ne kai tsaye a Cintabaradan, da jita da tafi da hayaniyar jama'a. "Ilana" na 2019 an yi shi a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, sannan "Afrique Victime" ya fito a 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador, inda Ahmoudou Madassane ke riƙe jita ta biyu, Souleymane Ibrahim ke kan ganguna, Mikey Coltun kuma ke kaɗa jitar bes mai kaurin sauti. A cikin waɗannan ayyuka babu muryar na'ura, babu bugun fiyano. Abin da aka jingine a nan salon naɗi ne gaba ɗayansa, kuma ko da Sahel Sounds ya fitar da "Anar" a 2014, ya fito ne a matsayin shaidar abin da ya riga ya wuce, shekara shida bayan mutanen Sahel sun gama haddace shi.

Ba daidai ba ne a ɗauki naɗin Sakkwato a matsayin tuntuɓen farko da gwani ya yi kafin ya gane hanyarsa. Shi ne naɗin da mutanen yankin suka zaɓa da kansu, ba da talla ba, a lokacin da babu wanda ya san sunan mawaƙin a Turai, kuma yana nuna cewa Bahaushe da Ba'abzine sun daɗe suna musayar sauti kamar yadda suke musayar gishiri da hatsi. Sai dai wannan hanyar adanawa tana da tsada mai ciwo. Waƙar da ke cikin memori takan rasa sunanta, ingancin sautinta kan ragu idan an yi ta matse ta don ta samu wuri, mai ita ba ya ganin ko dala, kuma ranar da wayar ta faɗa ruwa ko memorin ya ƙone, abin da ke ciki ya tafi. Mamman Sani, wanda ya naɗi kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, ya jira har 2013 kafin a sake fitar da kaset ɗinsa, shi ma ta hannun kamfanin na Portland. Masu haɗa sautin da suka zauna gaban kwamfuta a Sakkwato a 2008 suka ba "Anar" kamanninsa kuwa, ba kasafai ake ambaton su ba idan ana lissafa waɗanda suka gina wannan kiɗa.