Jirgi Ba Ya Kuskure

Sana'armu sharhin rubutu, shi ya sa yau na ɗauko wani gajeren rubutu da ba marubuci ne ya yi shi ba. Sanarwa ce da rundunar sojin Togo ta fitar ranar 14 ga Yulin 2022, kan yara bakwai da aka kashe a ƙauyen Margba, cikin gundumar Tone mai hedikwata a Dapaong. A daren 9 ga watan, daren Babbar Sallah, aka yi musu ruwan wuta daga sama.

Gaskiya ɗaya ce, rundunar ta amsa cewa aikinta ne, ta kuma yi ta'aziyya. Ba kowace runduna ke yin haka ba. Barazanar ma ba ƙirƙirarta aka yi ba, domin a watan Mayun shekarar 'yan bindiga sun kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, a watan Yuni kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes.

Inda na tsaya shi ne ginin jimlar. Sanarwar ta nuna cewa wani jirgi mai sintirin dare ne ya ɗauki yaran a matsayin ayarin masu iƙirarin jihadi, ya kai musu hari bisa kuskure. Mai karatu, dubi wanda aka ɗora wa aikin. Jirgi ba shi da zato balle ya yi kuskure. Mutum ne ya duba, mutum ne ya ce a harba, amma jimlar ta shafe shi.

Kalmar kuskure ita ma tana ɗauke da wata magana a ƙarƙashinta, wato da a ce waɗanda ake nema ne, shi ke nan babu tambaya. A nan na ƙi. Togo ta soke hukuncin kisa tun 2009. Alƙali a Sokode, ko da shaidu goma sun tsaya gabansa, ba shi da ikon yanke wa ɗan ƙasa hukuncin mutuwa. To, wace doka ce ta bai wa mai kallon inuwa cikin dare ikon da aka hana alƙali? Wanda ya buɗe wa soja wuta, a mayar masa, wannan kāre kai ne. Wanda ke tafiya kan hanya kuwa, zato kaɗai ake masa, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Amurka ce ta share wannan turba. A Satumban 2011 ta kashe ɗan ƙasarta Anwar al-Awlaki a Yemen ba tare da shari'a ba, bayan mako biyu wani harin ya kashe ɗansa mai shekara 16. A Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojin Najeriya ya hallaka masu Mauludi a Tudun Biri ta Kaduna. A can ma kuskure aka ce.

Mu a Sotouboua dokar ta-ɓacin ba ta shafe mu ba, amma titin da ya tashi daga Lome zuwa Dapaong ta ƙofarmu ya bi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da nake nema a sanarwa ta gaba shi ne sunan ofishin da ya ba da umarni, da dokar da ya dogara da ita, da kotun da iyaye za su iya kai ƙara.