Waƙar Da Ta Ƙi Fita Daga Kai: Daga Kotson Narambaɗa Zuwa Fiyanon Sutudiyo

A cikin maganganun da suka zauna daram a bakin 'yan fim da mawaƙanmu na zamani, babu wadda ta kai "waƙar ta kama" daraja. Da zarar an ce waƙa ta kama, to shi ke nan, an yanke hukunci. Furodusa ya san kuɗinsa za su dawo, mawaƙi ya ƙara farashi, mai kiɗan fiyano ya soma ɗaga kafaɗa. Ba wanda ke tsayawa ya tambaya: shin me ta kama, kuma da me ta kama shi?

Mai karatu ya san abin da ake nufi. Ka gifta ta gaban rumfar mai cajin waya, wani ɗan guntun amshi ya faɗo maka a kunne. Ba ka tsaya ba, watakila ma tsaki ka yi. Amma har dare yana nan yana juyawa a cikin kanka, kana cin tuwo yana nan, ka kwanta yana nan. Wani ma, Allah Ya kiyaye, sai ya tayar da kabbara abin zai faɗo masa. Turawa suna kiran wannan abu tsutsar kunne, sunan da suka aro daga Jamusanci, kuma sun yi bincike a kai. A shekarar 2016 wata masaniya mai suna Kelly Jakubowski da abokan aikinta a Ingila sun tambayi mutane kimanin 3,000 waƙoƙin da suka fi liƙe musu, sannan suka duba abin da ya haɗa waɗannan waƙoƙi. Sai suka ga yawancinsu suna da ɗan sauri, muryarsu tana hawa da sauka a hanyar da kunne ya riga ya saba da ita, sai kuma wani ɗan tsalle guda na ba-zata da ke sa a gane su. Yawan jin waƙar a ko'ina shi ma yana ƙara mata ƙarfi.

Ku lura da abin da babu a cikin wannan lissafi. Babu ma'ana, babu hikima, babu gaskiya. Liƙewa dabara ce, ba shaidar kyau ba ce. Ƙarangiya ma tana liƙewa a riga, kuma ba don ta fi sauran ciyayi daraja ba.

Mutanen ƙasar Gobir, daga Tsamaye da Sabon Birni har Isa, ba su buƙatar Bature ya koya musu wannan dabara, domin a ƙasarsu aka yi ɗaya daga cikin manyan gwanayenta. Ina nufin Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Isa ta wancan zamani, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ya rasu tun farkon shekarun 1960, amma har a 2019 sai da Jami'ar Bayero ta Kano ta tara masana don nazarin waƙoƙinsa. Duk wanda ya taɓa sauraren Bakandamiyarsa, ko waƙar dokin nan Ɗanfilinge, ya san amshinsu ba ya barin mutum cikin sauƙi.

To yaya yake yi? Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun raba waƙar baka gida biyu: akwai gindin waƙa, akwai ɗiyanta. Gindi shi ne 'yan layukan da 'yan amshi ke komawa gare su a kai a kai. Ɗiya kuwa su ne baitocin da jagora ke zubawa tsakanin amshi da amshi. Gindin gajere ne, mai sauƙin riƙewa, an yi shi ne musamman don ya zauna a kai. Amma a wurin Narambaɗa gindi turke ne kawai. Abin da aka ɗaure a jikin turken shi ne dukiyar: asalin sarauta, kirarin kakanni, zambo ga ɗan sarkin da ya nemi gadon gida bai samu ba, habaicin da sai bayan kwana uku wanda aka yi dominsa zai gane da shi ake, da karin maganar da har yau malaman jami'a ke warwarewa. Idan amshin ya liƙe maka, sai ya janyo maka ɗa guda, ɗan ya janyo wani, kafin ka ankara ka haddace rabin tarihin wata masarauta ba tare da ka zauna karatu ba. Kuma ko amshin kansa ba a barinsa haka nan kamar injin niƙa. Wani lokaci jagora zai fara magana ya bar ta a rataye, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, sannan su gangara kan gindin. Kunne yana jiran abin da ya sani, amma ba ya sanin ta wace ƙofa za a shigo da shi. Wannan jira shi ne daɗin. Haka Musa Ɗanƙwairo ya yi, haka Shata ya yi da kalangunsa, kowa da salonsa.

Akwai dalilin da ya sa dole su yi haka. A zamanin da babu kaset babu waya, kan mutane shi ne rumbun ajiyar waƙa. Waƙar da ba ta zauna a kai ba ta mutu a ranar da aka yi ta.

Sai aka zo zamanin finafinai. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, tare da Ali Nuhu da Fati Mohammed, waƙarsa ta cika ƙasar Hausa har ta tsallaka Nijar. Ni dai ba na cikin masu yi wa wannan waƙa kallon raini. An kwaikwayi sautin kayan kiɗanmu na gargajiya da fiyanon Yamaha, kuma waƙar ta dace da labarin gidan sarauta da aka gina fim ɗin a kai. Matsalar ita ce darasin da industiri ya ɗauka daga nasararta. 'Yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka gano cewa waƙa ce ke sayar da fim, ba labari ba. Daga nan sai aka juya keken baya: a fara shiga sutudiyo a yi waƙa, a saki kaset ɗinta, a sa ta a tallar da ke farkon wasu finafinai, sannan a nemo labarin da za a rataya mata. Fim nawa muka kalla a shekarun 2000 inda ana tsakiyar zaman makoki ko rikicin gado, sai kawai a yanke a nuno saurayi da budurwa a bakin dam ɗin Tiga sun canza kaya sau biyar? Waƙar ba ta ciyar da labarin gaba ko taku ɗaya ba. An sa ta ne don idan ka fita kana rera ta, maƙwabcinka ya je ya yi hayar kaset ɗin.

A nan ne aka raba turke da dukiya. Aka riƙe gindin, aka yi watsi da ɗiyan. Ɗauki waƙoƙin soyayya goma na wancan lokaci, ka cire amshinsu, ka rubuta sauran a takarda. Abin da za ka tarar shi ne jerin kalmomin da aka tattaro don kawai ƙarshensu ya zo ɗaya. Idan an fara da "ruwa", to sai an kawo "rawa" da "tsawa" da "ƙawa", ko da ruwan bai haɗa komai da tsawar ba. Har a riƙa karya kalma ana lanƙwasa ta don ta shiga ƙafiya, Hausar ta fito kamar ba a ƙasar Hausa aka haife ta ba. Ba duka ba ne, a yi adalci. Akwai marubuta waƙa da suka san abin da suke yi, kuma daga baya an samu irin su Aminu Ala da suka nuna cewa fiyano ba ya hana baiti nauyi. Amma kasuwa ba ta bambancewa, ita dai a ce "ta kama".

Da wayar hannu ta zo, sai abin ya ƙara gajarta. Da farko amshin ya zama ƙarar kira. Daga baya TikTok da ire-irensa suka mayar da waƙa 'yan daƙiƙoƙi. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi, matan aure suna ɗaukar bidiyo suna taka rawa a gaban mazajensu, malamai suna ta faɗa. Tambayi mutum goma daga cikin waɗanda suka rera ta a lokacin su kawo maka baiti na uku, ka ga mutum nawa za su iya. 'Yan siyasa kuwa sun fi kowa gane sirrin. A zaɓen 2015 da na 2023 an ga yadda amshin Dauda Kahutu Rarara ke fitowa daga bakin yaran gidan 'yan adawa, uba yana zagin jam'iyya a zaure, ɗansa yana rera waƙarta a tsakar gida. Kunne ba ya neman izinin mai shi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta dawo da ni gabashin Sakkwato, inda abin ya wuce wasa. Kowa ya san halin da ƙasar Sabon Birni da Isa ta shiga a hannun 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari ɗaya. A watan Disamba na 2021 an tare motar matafiya a kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki. A 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, kuma a hannunsu ya rasu. To a tsakiyar wannan masifa, a 2021, wata waƙa ta bazu a wayoyi wadda wani mawaƙi ya yi wa Bello Turji, ɗan bindigar da sunansa ya fi kowane fitowa a ta'addancin wannan yanki. An yi ta da kayan aiki iri ɗaya da na waƙar biki: fiyano mai daɗi, amshi gajere, kirari irin na jarumai. Kuma ta yi abin da irin waɗannan waƙoƙi ke yi. Mutanen da suka la'ance ta da bakinsu sun ji tana juyawa a kansu.

Wani zai ce ai ba sabon abu ba ne, tun da an yi Muhammadu Gambu mai waƙar ɓarayi, an yi Kassu Zurmi, kuma har a jami'a ana nazarinsu. Gaskiya ne. Amma Gambu a fili yake waƙarsa, a gaban jama'a, kowa ya san wane ne shi da waɗanda yake yi wa, mai son ji ya je, wanda ba ya so ya kauce. Waƙar da ke cikin memori ba ta da dandali. Tana zuwa ne a cakuɗe da waƙoƙi ɗari biyu da mai tura waƙa ya zuba maka a kasuwa, tsakanin waƙar amarya da ƙasidar yabon Annabi. Yaro ɗan shekara bakwai zai haddace amshinta kafin ya san ma'anar kalmomin, kuma da sunan wanda ya kori ƙauyensu zai riƙa tsalle.

Hani kuma ba ya maganinta. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta waƙoƙi 11, abin da ya biyo baya shi ne mutanen da ba su taɓa jin su ba suka shiga neman a tura musu ta Bluetooth. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Kira ya tsaya, amma waƙa ba ta buƙatar sabis kafin ta tashi daga wannan waya ta faɗa waccan. Balle wadda ta riga ta shiga kai. Wace hukumar tace finafinai ce za ta bi ta can? Masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun ce a 2015 taunar cingam tana rage juyawar waƙa a kai, saboda baki ya samu wani aikin. To, sai dai a raba wa jiha guda cingam.

Shi ya sa nake ganin laifin namu ne mu masu sharhi, da masu gabatar da shirye-shiryen waƙoƙi a rediyo, da masu ba da kyaututtuka a bukukuwan karrama 'yan fim. Mun karɓi ma'aunin ɗan kasuwa mun mayar da shi namu. Sau nawa aka ba waƙa lambar yabo don kawai ita ce aka fi ji a gidajen biki a wannan shekara? Alƙalan gasa su riƙa neman a kawo musu baitocin a rubuce, ba kiɗa, su karanta su kamar yadda ake karanta littafi. Mai gabatar da shiri ya riƙa tambayar mawaƙi abin da baitinsa na huɗu ke nufi, ba wai yadda ya ji da waƙar ta karɓu ba. Darakta kuma, idan ya cire waƙa daga fim ɗinsa labarin bai rasa komai ba, to ya san talla ya ɗauka, ba fitowa ba.

Sannan akwai mutumin da ba a taɓa gayyata taron ƙara wa juna sani ba, alhali ya fi gidan rediyo iko a kan abin da ƙauye zai saurara: mai tura waƙoƙi a rumfar caji. A kasuwannin bakin iyaka irin na yankin Tsamaye, inda waƙar Kano da ta Maraɗi ke haɗuwa a memori ɗaya, shi ne edita, shi ne hukumar tacewa. Manomi zai miƙa masa waya ya ce, "Malam, cika mini ita da masu daɗi," ya tafi cefane. Abin da ya zaɓa a cikin minti goma, shi gidan zai kwana yana rerawa har kasuwa ta zagayo.