Kwana Bakwai, Amma da Wane Harshe?

Akwai ciwon da Turawa ke kira turoma, kalmar da suka aro daga Girkanci, asalin ma'anarta rauni. Mutum ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa, harbi ko haɗarin mota ko fyaɗe, abin ya wuce amma bai sake shi ba. Barci ya gagara, ƙarar salansar babur ta sa ya zabura, ya daina bin hanyar da abin ya faru. A Turai an saba jinyar wannan ciwo da zama ɗaya kowane mako, har wata uku ko fiye. Yanzu kuwa ana yayin matse jinyar cikin ƴan kwanaki.

Kada wani ya ce damfara ce, don ba ita ba ce. A 2014 Anke Ehlers ta jami'ar Okusfod da abokan aikinta sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Ingila: wasu majinyata an yi musu aikin cikin mako guda, har zuwa awa 18, wasu kuma an bi da su mako-mako na wata uku, kuma sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan ɗaya. A Holan akwai cibiyar PSYTREC mai tsarin kwana takwas. Da safe majinyaci ya maimaita labarin abin da ya same shi har tsoron ya fara sanyi, da yamma a yi masa EMDR, wato yana tuna abin yana bin yatsan lokotoro ko wani haske da ido, hagu da dama, a tsakani kuma motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da EMDR tun 2013.

Kuma gaskiya, in akwai garin da wannan tsari ya dace da shi a takarda, to Gaya ce. Garin ƴan tafiya ne. Direban da yau yana nan, jibi yana Kamba, gata yana hanyar Doso, wa zai ce masa ya zo duk Talata har sau goma sha biyu? Tun da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mutane suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale, manyan motoci da yawa suka koma zagayawa ta Burkina cikin rakiyar soja, ga kuma hare-haren da ake ji a yankin dajin W. Masu buƙatar wannan jinya ba sai an je nesa nemansu ba. Shi kuwa Pavillon E na babban asibitin Yamai kusan kilomita 300 ne daga nan, kuma kowa ya san abin da unguwa ke cewa a kan wanda aka kai can. Mako guda a gama ya fi sauƙin kuɗin mota, ya fi sauƙin surutun mutane.

To ina matsalar? Matsalar ita ce wannan magani da baki ake shan sa, kuma masu lissafin awoyinsa sun ɗauka cewa lokotoro da majinyaci harshensu ɗaya.

Mu ɗauki zaman safe. Ƙa'idarsa, kamar yadda Edna Foa ta tsara a Amurka, ita ce mutum ya rufe ido ya ba da labarin da bakin kansa, kamar yanzu abin ke faruwa: ina gudu, suna harbi, ina jin ƙaurin taya. Da gangan aka zaɓi wannan lokaci na nahawu, don shi ke mayar da mutum cikin abin. Amma saurari yadda muke ba da labarin masifa a nan: "Sai anka tare mu, anka yi abin da anka yi." Wa ya tare? Wa ya yi? Mi anka yi? Wannan "anka" sutura ce, tana ɓoye mai aikatawa, tana kuma nesanta mai magana da abin. Macen da aka yi wa fyaɗe da wuya ta furta kalmar, sai dai ta ce an ɓata ta, ko ta ce "abin nan" ta sunkuyar da kai. Kafin a raba mutum da wannan sutura sai an yi sabo, shi kuwa sabo ba a matse shi cikin kwana takwas. A cibiyar Holan ɗin ma lokotoro canjawa yake yi daga zama zuwa zama. Ku hango tsohuwa daga Tanda, kowace safiya sabon baƙo, ko gaisuwa ba a ƙare ba a ce ta rufe ido.

Sannan ga tafinta. Gaya gari ne na Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fillanci, mai ilimin halayyar ɗan Adam kuwa da Faransanci ya koyi aikinsa, ko da Bahaushe ne. In aka sa tafinta, zaman minti 90 ya koma kamar na 45, wannan lissafin ɗan firamare ne. Abin da ya fi shi muni, tafintan da bai samu horo ba ba ya cewa "ina gudu", cewa yake "ya ce wai ya gudu". Da wannan "ya ce wai" kaɗai ya kashe abin da maganin ya dogara a kai. Kuma a ƙaramin gari tafintan nan ɗan wane ne, gobe za ku haɗu a kasuwa.

Masu EMDR za su ce tasu hanyar ba ta buƙatar dogon labari, kuma suna da gaskiya, shi ya sa nake ganin ta fi kusa da mu. Sai dai ita ma da tambaya take auna ci gaba: daga sifiri zuwa goma, yaya damuwar take yanzu? Mu kuwa amsar "ya jiki?" guda ɗaya ce, ko mutum yana gargara: da sauƙi. Ba ƙarya ba ce, ladabi ne da tawakkali. Lokotoro mai gaggawa zai rubuta cewa lamba ta sauka, furojen da ya kawo shi ya cika rahoto, mota ta koma Yamai. Shi kuwa direban, ranar da aka sallame shi, hanyar nan dai zai sake bi. Sunan ciwon a littattafansu yana ɗauke da kalmar "bayan", wato bayan masifa ta wuce. Wa ya ce ta wuce?

An taɓa bin wata hanya a wannan nahiya. A sansanin Nakibale na Yuganda, Frank Neuner da abokansa sun horar da ƴan gudun hijirar Ruwanda da Somaliya su da kansu suka yi wa ƴan'uwansu jinyar labari da harshensu, aka buga sakamakon a 2008. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya gina aikinsa da tsofaffin mata a kan benci, ya fara daga kalmar da mutane ke da ita, kufungisisa, wato yawan tunani. Duka biyun gajerun zama ne, wajen shida. Kenan gajarta ba ita ce laifin ba.

Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, mun kuma yi ta tafi a fada. To ga aiki, mu ƴan sashen harsuna. Gabana ya faɗi, zuciyata ta tsinke, hankalina ya tashi, jikina ya mutu, na kaɗu, na razana, na gigice: waɗannan ba abu ɗaya ba ne, kuma kowace kaka ta san wanne ya fi wanne nauyi. Matakalar sifiri zuwa goma tana nan cikin bakin mutane, da Hausa da Dandanci, jera ta kawai ya rage. Ni dai a kunnena "na kaɗu" ta fi "gabana ya faɗi" daɗewa a jiki, ɗaya na kwanaki ne, ɗaya na ƙiftawar ido. Wanda ya ji saɓanin haka ya rubuto a ɗan littafi na gaba, ya faɗi garinsu da yadda ake cewa a can.