Kallon Gida da Renon Harshe: Sharhi a Kan Wasu Wasannin Talabijin da Finafinan Hausa Bisa La'akari da Iyalan Garam

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da aka yi a kan finafinan Hausa tun daga fitowar Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta shirya a shekarar 1990, sun fi karkata ne ga batun jigo da al'ada, musamman tasirin finafinan Indiya, wanda masana irin su Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka yi wa hidima ƙwarai. Abin da bai sami irin wannan kulawa ba shi ne matsayin akwatin talabijin na malamin harshe a gidan Bahaushen da ke zaune nesa da cibiyar ƙasar Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wasu wasanni da finafinai da ma'aunin harshe, sannan ta nuna waɗanda suka cancanci magidanci ya zaɓa wa iyalinsa. An ɗauki garin Garam a matsayin farfajiyar nazari.

2.0 Yanayin Hausa a Garam

Garam gari ne a Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja, cikin masarautar Suleja, dab da Bwari ta Babban Birnin Tarayya. Asalin mazaunansa Gbagyi ne, amma tsadar gidaje a Abuja ta turo masa ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na Nijeriya. Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, domin kuwa sarautar Haɓen Zazzau ce ta yo kudu bayan jihadi, har Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda shi ne Suleja ta yau. Sai dai Hausar da yaro yake ji a kasuwa da tasha da filin makaranta, Hausar hulɗa ce tsakanin mabambantan ƙabilu. A cikinta ana jin ana cewa "Mamana ya tafi kasuwa", ana kiran ƙasa "kasa", ɗa kuma "da", ba a kuma damu da bambancin kara da ƙara ba. Ya kamata a yi adalci a nan: sassauta jinsi ba laifin baƙin harshe kaɗai ba ne, don shi kansa Zazzaganci an san shi da sa "-n" a inda daidaitacciyar Hausa take sa "-r".

Irin wannan Hausa tana biyan buƙatar ciniki, kuma ba abin raini ba ce. Abin da ta rasa shi ne hawa-hawa. Ba ta koya wa yaro yadda ake magana da suruki, ko yadda ake ta'aziyya, ko dalilin da ya sa uwa ba ta ambatar sunan ɗanta na fari. A Kano ko Katsina kakanni da maƙwabta ne suke koyar da waɗannan ba tare da kowa ya lura ba. A gidan haya na Garam kuwa, inda kaka take can gida, uba kuma yake sammako zuwa Abuja ya dawo bayan isha'i, babu muryar Hausa da yaro yake daɗewa yana saurare kamar ta talabijin da wayar hannu. Hare-haren 'yan bindiga da aka kai garin da ƙauyukan kewaye a ƙarshen 2023 da farkon 2024 sun ƙara sa mutane shiga gida da wuri, hirar dandali ta ragu. Alhali kuwa wanda yake zaɓa wa gidan abin kallo, sau da yawa, yaron shago ne mai tura finafinai a waya, ko kuma YouTube da ke jero wa mai kallo abin da ya yi kama da na jiya.

Ma'aunin da aka bi a nan guda ɗaya ne: shin wasan yana barin kowane ɗan wasa ya yi magana da bakin matsayinsa, ko kuwa malami da ɗan tasha da amarya duk baki ɗaya marubuci ya ba su?

3.0 Daɗin Kowa

Idan aka bi wannan ma'auni, wasan da ya fi cancanta a fara da shi shi ne Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014. Wasan ya sami lambar yabo ta AMVCA a rukunin Hausa a 2016. An gina shi a kan ƙagaggen gari, kuma wannan dabara ita ce sirrin wadatar harshensa, domin gari yana da malamai da masu shayi da 'yan siyasa da matan aure da zauna-gari-banza. Maganar Malam Nata'ala cike take da kalmomin tsangaya da na Larabci, yana kuma amfani da su a wani lokaci don karantarwa, a wani lokaci don kare muradin kansa, ta yadda mai kallo zai gane cewa lafazin malanta daban, halin malami daban. Tsakanin Kamaye da matarsa Adama kuwa, nan ake samun habaici da gatse da baƙar magana irin ta gidan da talauci ya zauna, amma aure bai mutu ba. Yaron da ya saurari waɗannan biyun zai fahimci cewa a Hausa ana iya cewa "sannu da aiki" a nufi kishiyar haka.

Wani abin da ya sa wasan ya dace da Garam musamman shi ne kasancewar waɗanda ba Hausawa ba a cikinsa, irin su Stephanie, Kirista mai zaune lafiya da maƙwabtanta Musulmi. Ba a mayar da Hausarsu abin dariya ba, kamar yadda finafinan barkwanci da yawa suka saba yi wa Bagwari da Bayarabe da Inyamuri. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga yaron da abokin zamansa a aji Gbagyi ne, mai gidan da suke haya ma watakila haka. Rauninsa shi ne na duk wasa mai dogon zango: wasu zaren labari sukan yi ta jan jiki, a sauya ɗan wasa, a maimaita rikicin da aka riga aka warware. Bugu da ƙari, Kananci ya yi masa rinjaye, har ba kasafai ake jin Sakkwatanci ko Katsinanci ba sai don raha.

Kwana Casa'in, wanda tashar ta fara nunawa a 2019 bisa umarnin Salisu T. Balarabe, ya biyo bayansa ta wata fuska. Labarin Jihar Alfawa da takarar Gwamna Bawa Maikaɗa da Malam Adamu ya nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar zancen kasafin kuɗi da zaɓe da aikin jarida ba tare da ta durƙusa wa Ingilishi ba. Ya fi dacewa da matasan sakandare.

4.0 Na Da

Daga cikin tsofaffin ayyuka, fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne gaba. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano shi, aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Balin ta Jamus a 2018. Hausarsa mai natsuwa ce, gaisuwa tana cin lokacinta, magana a gaban sarki tana da ƙa'ida. Ga iyalin Jihar Neja yana da ƙarin armashi, tun da labarin ya faro ne daga Kagara. Illarsa ita ce wuyar samu, kuma wannan ƙalubale ne ga sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, waɗanda suke karantar da littafin shekara da shekaru ba tare da yawancin ɗalibai sun taɓa ganin fim ɗin ba.

Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, yana buƙatar bayani, domin a zahiri ya saɓa wa duk abin da aka faɗa a sama. Harshensa Barikanci ne tsantsa, wato Hausar sojoji mai karyayyen nahawu da aron Ingilishi. Amma karyawar da gangan aka yi ta, kuma akwai 'yan wasa a gefensa masu tsayayyiyar Hausa da ake auna tasa da ita. Yaron Garam da ya kalle shi zai ji kamannin Hausar titinsu, ya kuma gane a karon farko cewa nau'i ce daga cikin nau'o'i. Haka ma abin da ya rage a YouTube na wasannin Ƙasimu Yero, irin su Karambana, ya cancanci a nema, duk da dushewar hoto.

5.0 Masu Buƙatar Hattara

Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fitowa a 2020, ya fi dukkan waɗanda aka ambata kyan hoto da iya riƙe mai kallo. A cikinsa akwai Baba Ɗan Audu, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, mutumin da bakinsa kaɗai ya isa a rubuta kundin digiri a kan salon yaudara da kare kai. Matsalar tana wajen 'yan boko da masu kuɗi na wasan. Da zarar an shiga babban falo sai Ingausa ta karɓe zance, godiya da ban haƙuri da furta ƙauna duk su koma Ingilishi. Za a iya cewa haka masu wannan matsayi suke magana a zahiri, kuma gaskiya ne. To amma yaron da ke zaune a bakin Abuja ya riga ya ɗauka cewa Ingilishi harshen samu ne, Hausa kuwa ta masu gadi da 'yan aiki. Wasan da ya raba harsunan biyu bisa wannan layi yana tabbatar masa da zatonsa. Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi yana da arzikin zambo da ba'a, sai dai ginshiƙin dariyarsa shi ne 'ya'yan da ke hanƙoron dukiyar uba, don haka ya fi kyau a kalle shi da babba a kusa.

Finafinan Indiya da ake fassarawa, waɗanda kamfanoni irin su Algaita suka shahara da su, su ne suka fi yawa a wayoyin matasa, kuma rashin adalci ne a ce babu fasaha a cikinsu. Masu fassarar suna da kaifin baki, suna ƙirƙirar kirari da sara, har wasu kalamansu sukan fito titi. Aibin yana cikin yanayin aikin ne. Dole jimla ta yi daidai da motsin leɓen wanda bai taɓa jin Hausa ba, saboda haka ake datse ta ko a cusa mata ciko. Sannan murya kusan guda ce ake raba wa kowa, ta ɗan birni mai cika baki, ko alƙali ne ke magana ko ɗan daba. Mafi muhimmanci, kalma takan rabu da aikinta: ana jin "ranka ya daɗe" amma ba a ga durƙuso ba, ana jin "Baba" daga bakin budurwar da ta rungume surukinta. Yaro zai tsinci kalmomi da yawa, ba zai san inda ake ajiye su ba.

Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya hau Netflix a 2021, yana jan hankalin iyalan masarautar Suleja saboda alaƙarsu da tarihin Zazzau, har wasu iyaye sukan nema wa 'ya'yansu shi a matsayin darasin tarihi. Yawancin maganganunsa da Ingilishi aka yi su, kuma tufafi da fadar da aka nuna sun fi kusa da ƙiyasin mai shirin fim fiye da abin da aka sani na ƙasar Hausa. Wanda yake son ɗansa ya ji yadda ake magana a fada da Hausa, gara ya nemi Mai Martaba na 2024, wanda Nijeriya ta miƙa wa gasar Oscar a shekarar.