Djaïli Amadou Amal da Kalmar Haƙuri

Daga Banyo zuwa Garwa, daga Ngaundare zuwa Marwa, akwai kalma guda wadda kowace amarya takan ji ranar da za a kai ta gidan miji. Fulani suna cewa munyal, Hausawa kuma suna cewa haƙuri. A kan wannan kalma Djaïli Amadou Amal ta kafa yawancin aikinta, kuma ta wurin yadda ta bi da ita ne ya kamata a auna ta.

An haife ta a Marwa a shekara ta 1975. Mahaifinta Bafulatani ne, mahaifiyarta kuwa 'yar Masar ce. Tana da shekara 17 aka aurar da ita ga wani mutum wanda ya girme ta ƙwarai, ba da sonta ba. Ta fita daga wannan aure a 1998. Aure na biyu ya zo da duka, sai ta gudu zuwa Yawunde, inda ta sayar da kayan adonta na zinariya ta sayi kwamfuta, ta zauna rubutu.

Littafinta na fari, Walaande, ya fito a Yawunde a 2010. Sunan yana nufin rabon kwana tsakanin kishiyoyi, labarin kuwa na mata huɗu ne a gidan miji ɗaya. A 2013 ta fitar da Mistiriijo, labarin tsohuwar da aka ɗora wa maita. Munyal ya biyo baya a 2017, ya ci kyautar Orange ta littattafan Afirka a 2019. Da aka sake gyara shi aka buga a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, watau marasa haƙuri, ɗaliban sakandare na ƙasar suka zaɓe shi ya ci kyautarsu ta Goncourt.

Mata uku ne suke magana a cikin wannan littafi, kowace da bakinta. Ramla tana so ta yi karatun haɗa magunguna, tana kuma da wanda take so, amma aka ba da ita ga Alhaji Issa, attajiri mai shekara hamsin. 'Yar'uwarta Hindu aka ba wa ɗan'uwansu Mubarak, mashayi mai duka, har hankalinta ya gushe. Ta uku ita ce Safira, uwargidan Alhaji Issa. Dukansu uku magana ɗaya ake faɗa musu: su yi haƙuri.

Gwanintar marubuciyar ta fi bayyana a wurin Safira. Da a ce labarin ya tsaya a bakin Ramla, da mai karatu ya ɗauki uwargida muguwa ce kawai, gama tana bin bokaye tana ƙulla wa amarya sharri. Amma da aka ba ta baki, sai a ga mace mai tsoro, wadda ta ba da shekara ashirin ga gida, tana gani za a ture ta da 'ya'yanta. Haƙurin da aka tilasta mata bai sa ta zama mai tawali'u ba, ya koya mata makirci ne. Littafin bai ce haƙuri mugun abu ne ba. Abin da ya nuna shi ne, idan kullum mai rauni kaɗai ake ce wa ya yi haƙuri, mai ƙarfi kuwa ba mai tsawata masa, to, kalmar ta zama murfin zalunci.

Duk da haka aikin yana da rauni. Yawancin mazajen ciki fuska ɗaya gare su. Ba a bar mai karatu ya shiga zuciyar uban da ya ba da 'yarsa domin tsoron 'yan'uwansa ba, alhali kuwa a nan ne tushen abin yake. Wani lokaci kuma labari yakan tsaya domin a bayyana wa baƙo al'adar da kowane yaro a Garwa ya sani.

Wannan ya kai ga zancen harshe. Da Faransanci take rubutu, yawancin matan da take ba da labarinsu kuwa an cire su daga makaranta tun kafin su iya karanta shi. A Kano, Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita ma aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Hausa a 1990, matan cikin gida suka karanta da kansu. Faransanci ya kai Amal duniya, amma sai an juya littattafanta zuwa Fulatanci da Hausa za su shiga ɗakunan da aka rubuta su dominsu.

Kada mai karatu Kirista ya ce wannan zancen gidajen maƙwabta ne. A cikin Cœur du Sahel na 2022, yarinyar labarin, Faydé, Kirista ce daga duwatsun arewa mai nisa, wadda talauci da harin Boko Haram suka tura aikatau a Marwa, inda ta sha reni. Har wa yau, matar da ta kawo kukan duka gaban dattawan ikkilisiya, sau da yawa kalmar nan guda ake sallamarta da ita. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Tambayar da Amal ta bar wa iyaye da dattawa ita ce, wane ne aka bari a bakin murhu, wane ne kuma yake shan romon.