Daga Macijin Nokia Zuwa Free Fire: Mu Auna Wasannin Yaranmu



Ran nan, bayan mun tashi daga karatun dare a Gabi, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya. Ya miƙo mini wayar ɗansa, ya ce, "Malam, duba mini. Yaron nan ya sayar da hatsi tiya biyu, wai ya sayi lu'ulu'u. Na ce ya nuna mini, sai ya nuna mini hoto. Ina lu'ulu'un yake?"

Na duba, na ce, "Baba, yana nan cikin wayar, amma ba ya fitowa. Na wasa ne."

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce, "To, wane irin wasa ne wannan mai cin hatsi?"

Tambayarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wasan bidiyo, wanda yara ke ce wa gem, wasa ne da ake yi a gilashin tele ko na waya. Mutum ya latsa, hoto ya motsa. Kamfanoni ne ke ƙera su don ciniki. Akwai su dubbai, amma kaɗan ne suka buɗe hanya sauran suka bi. Cikin waɗannan, huɗu sun iso garuruwanmu. Su za mu auna yau.

Da me za mu auna su? Da dara. Kowa ya san ta: gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Dara tana zaunar da mutum biyu fuska da fuska. Tana da ƙarshe, a ci ko a cinye ka, kowa ya tashi. Kuma ba ta tambayar ko dala. To, mu ɗora kowane wasa a wannan ma'auni.

Wasan tubali

Na farko shi ne Tetris. Wani masanin lissafi ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro shi a birnin Mosko a 1984. Tubala iri 7 ke faɗowa daga sama, kai kuma kana jera su. In layi ya cika sai ya ɓace. In ka yi sakaci tubali ya kai sama, an cinye ka.

A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya haɗa shi da wata ƴar na'urar hannu mai suna Game Boy. Kafin nan, yawanci ana ganin gem abin yara maza ne. Tetris ya jawo manya da mata. Daga nan ƴan kasuwa suka gane cewa wasan da ke shiga aljihu yana da masaya. Mu nan, ta kwaikwayonsa muka san shi: ƴan na'urorin roba na Sin masu batir biyu, da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Jibiya.

Hukuncina a kansa mai kyau ne. Ba ya bukatar karatu, ba duka, ba jini. Yana koya wa ido tsari, irin na magini mai jera tubali. Aibinsa ɗaya: mutum shi kaɗai yake yinsa.

Maciji

Na biyu maciji ne. Kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya sa shi cikin wayoyinsa tun 1997. Wayoyin salula sun shigo Nijar a farkon shekarun 2000. Wanda ya riƙe Nokia 3310, ko 1100 mai tocila, ya san macijin nan. Yana cin abinci, yana ƙara tsawo, har ya ciji wutsiyarsa.

Wasa ne ƙarami, amma ya yi aiki babba. Shi ya nuna wa duniya cewa waya ma wurin wasa ce. Yau kusan rabin kuɗin da ake samu a cinikin gem duk duniya ta waya yake shigowa, kuma maciji ne ya fara share wannan gona.

Maciji ya ci jarrabawar dara. In ka sayi waya, ka gama biya. In ya mutu, ka miƙa wa na kusa da kai ya gwada wuce lambarka. Na ga masu caji da masu shayi suna gasa a kansa, ana dariya.

Ƙwallo a tele

Na uku shi ne ya buɗe gidajen gem. A 1993 kamfanin EA na Amurka ya fitar da wasan ƙwallo mai suna FIFA. A 1995 kamfanin Konami na Japan ya fitar da nasa, Winning Eleven, wanda daga 2001 aka sani da PES. Ana yin su a na'urar PlayStation. Ta biyu cikin jerin, wadda ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 150. Tsofaffinta ne suka cika rumfunanmu.

Kun san rumfar. Tele ɗaya, inji ko farantin hasken rana, benci biyu. Yara biyu sun riƙe abin latsawa kamar linzami, goma suna kallo. A biya dala biyar ko dala goma. Wanda aka ci ya tashi, wani ya zauna. Wani faifan ma da rubutun Japan yake zuwa. Yaran ba su karanta shi, amma sun haddace inda ake latsawa.

Wasannin ƙwallo sun koya wa kamfanoni wata dabara: a sake fitar da wasa ɗaya kowace shekara, a canja sunayen ƴan wasa da riguna, a sayar sabo. Sunayen wasannin ma sun canja. PES ya koma eFootball a 2021, FIFA ya koma EA Sports FC a 2023.

A ganina wannan ya fi kowanne kama da dara. Mutum biyu ne, ga ƴan kallo, ga lokacin tashi. Akwai dabara da haƙuri a ciki, kuma yaro yana koyon ɗaukar kaye. Ya samar wa wasu samari sana'a. Sai dai yana da aibi biyu. Na ɗaya, in ba a sa ido ba, ƴan kallo su fara sa kuɗi, wasa ya zama caca, ko yaro ya gudu daga lakwal. Na biyu, yaronmu ya san ƴan Barcelona da Real Madrid ɗaya bayan ɗaya, amma ba zai ga ƙungiyar Ɗan Kasawa ta Maraɗi a ciki ba.

Free Fire

Na huɗu shi ne wanda ya ci hatsin dattijo. Kamfanin Garena na Singafo ya fitar da shi a 2017. Mutum 50 ke sauka da lema a wani tsibiri. Kowa ya nemi bindiga, fili yana ta matsewa, wanda ya rage shi ya ci. Zagaye ɗaya kamar minti 10 ne. Wani wasa mai suna PUBG ne ya yaɗa irin wannan salon, shi da mutum 100.

Gaskiya ɗaya ce, masu Free Fire sun iya aikinsu. Sun yi shi yadda ƙaramar waya mai araha za ta ɗauka. Don haka a 2019 ba wasan waya da aka sauke kamarsa a duniya. Yara huɗu kan haɗu su zama ƙungiya, suna magana, suna taimakon juna. Wannan abin yabo ne.

Amma ku duba inda kuɗin yake. Wasan kyauta ake sauke shi. Ta ina kamfani ke ci? Ta lu'ulu'u. Da shi ake sayen riga, da hula, da adon bindiga, duk na hoto. Yaron da bai saya ba, abokai su yi masa dariya. Akwai kuma wani wurin juya sa'a: ka biya, ka juya, ba ka san abin da zai fito maka ba. In bai fito ba, ka sake biya. Ƴan'uwa, me ake kiran wannan a Hausa? A 2018 hukumar ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ce. Har masu FIFA sai da suka daina sayar da kuɗin wasansu a can a 2019.

Sannan wasan ba ya sallamar mutum. In an harbe ka, wani zagaye na jiranka nan take. Kullum akwai kyautar da za ta wuce ka in ba ka shiga ba. Ga kuɗin intanet, ga na caji. Abokin wasanka kuma yana can nesa, ba ka ganin fuskarsa, balle ka ji kunyarsa. Aikin da ake yi a ciki harbi ne. Damuwa da jini a gem ba yau ta fara ba: wasan faɗa Mortal Kombat na 1992 yana cikin waɗanda suka sa Amurka ta kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa, a 1994. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, wato in ta hana mutum barci da aiki da karatu na tsawon lokaci.

A ma'aunin dara, Free Fire ya faɗi. Wasa ne mai daɗi da aka gina a bakin rijiya.

Abin da ya rage gare mu

Kun ga yadda tafiyar ta kasance. Da, a sayi wasa sau ɗaya a huta. Daga baya, a saya kowace shekara. Yanzu a ba ka kyauta, a riƙa tatsarka kaɗan kaɗan. Araha ba ta ado.

Wani abu kuma: duk huɗun nan ba wanda ke jin Hausa, ba wanda ya san mu. Wasu ƴan Afirka sun fara nasu. A Kamaru, kamfanin Kiro'o ya fitar da Aurion a 2016. A Yamai ma an yi wani mai suna Les Héros du Sahel. Mu kuwa muna da kokowa. Tun 1975 ake gasar takobi, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukarsa. Ina wasan da zai sa yaron Gabi ya zaɓi ɗan kokowar jiharsa, da kiɗa da kirari?

Shawarata ga iyaye ita ce, kada ku fasa waya, kada kuma ku kau da kai. Ku zauna kusa da yaro, ku ce ya nuna muku. Ku tambaye shi: da wa kake yi? Yaushe yake ƙarewa? Nawa ya ci? Ku da kuka fara karatu, ku karanta lambobin da ke fitowa a gilashin, don a nan farashin yake.

Dattijon nan haka ya yi. Ya dawo bayan mako guda, ya ce, "Malam, mun yi sharaɗi. Ƙwallo ranar kasuwa, da dala gomarsa ta aikinsa. Lu'ulu'u kuwa, in yana so, ya noma nasa hatsin."

Allah ya shirya mana zuriya, amin.