Wayon Fursuna da Hannun Jama'a: Nazarin Gajeren Labarin "The Problem of Cell 13" Don Ɗaliban Ƙasar Yauri

1.0 Gabatarwa

Labarin fursuna mai wayo wanda ya kuɓuta daga kurkuku yana cikin labaran da ɗalibai ba sa gajiya da su, domin a cikinsa ne mai rauni yake kayar da mai ƙarfi ba tare da ya ɗauki makami ba. Wannan takarda za ta yi nazarin ɗaya daga cikin mashahuran labaran wannan rukuni, wato "The Problem of Cell 13", wanda za mu iya kira da Hausa "Matsalar Ɗaki Na 13", na marubucin Amurka Jacques Futrelle. Za a dubi zubinsa da jigonsa, sa'an nan a auna shi da abin da ɗalibin ƙasar Yauri ya riga ya sani game da ɗauri da kuɓuta, daga tatsuniya da kuma tarihin ƙasarsa. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, jigon da tauraron labarin yake shela da bakinsa daban yake da jigon da al'amuran labarin suke nunawa, kuma malamin da ya tsaya a kan na farko zai koyar da darasin da zai iya ƙuntata wa waɗansu daga cikin ɗalibansa.

2.0 Marubucin da Taƙaitaccen Labarin

An haifi Futrelle a jihar Jojiya ta Amurka a 1875, ya yi aikin jarida, ya kuma mutu a haɗarin jirgin ruwan Titanic a 1912. Labarin nan ya fara fitowa ne a 1905 a jaridar Boston American, kashi-kashi, jaridar kuma ta sa kyauta ga mai karatun da ya gano hanyar kuɓutar fursunan kafin a buga kashin ƙarshe. A 1907 aka sake buga shi cikin littafi.

Tauraron labarin shi ne Farfesa Van Dusen, masanin kimiyya wanda ake yi wa laƙabi da "Injin Tunani". Gardama ta haɗa shi da abokansa biyu, Dokta Ransome da Fielding, inda ya ce babu abin da ya gagari hankali, ko da an kulle shi a kurkuku zai fito cikin mako guda. Aka nemi izinin hukuma, aka kai shi gidan yarin Chisholm, aka sa shi a ɗaki na 13, inda ake ajiye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Tsakaninsa da waje akwai ƙofofi 7 da doguwar katanga. Abubuwa uku kawai ya roƙa: garin goge haƙori, da takardun kuɗi na dala 25, da a shafa wa takalmansa baƙin mai. A dare na bakwai sai ga shi ya shigo ofishin shugaban gidan yari ta ƙofar waje.

3.0 Zubi da Tsari

Da yake an rubuta labarin don gasar masu karatu, an gina shi ne kamar kacici-kacici. Ana iya raba shi gida uku: gardama da shiga kurkuku, da kwanakin ɗauri, da kuma warwara, inda Farfesa yake bayyana yadda ya yi a wurin cin abincin dare.

Gwanintar marubucin ta fi fitowa a gida na biyu. A nan ya kan nuna mana abin da idon ganduroba yake gani, amma ya rufe mana abin da zuciyar fursuna take ƙullawa. Muna ganin Farfesa yana kama ɓeraye, yana tambayar nisan kogi daga katanga, yana tambayar wanda yake gyara fitilun harabar gidan. Muna ganin yana jefo ƙyallaye masu rubutu ta taga alhali ba shi da alƙalami ko tawada, muna kuma ganin takardar dala 5 ta rikiɗe ta koma canji. Waɗansu daga cikin ayyukan nan na gaske ne, waɗansu kuwa na ɓad da sawu ne, kamar gurza ƙarfen taga da ƙarfen dunduniyar takalmi, da ƙoƙarin ba ganduroba toshiyar baki.

A gida na uku ne ake gane cewa babu abin da aka ambata a banza. Ya lura ɓeraye suna ɓacewa ba ta ƙofa ba, sai ya gano tsohon bututun magudanar ruwa wanda ya ɓulla bayan katanga, kusa da filin wasan yara. Ya warware zaren safarsa, ya ɗaura wa ɓera wasiƙa tare da dala 10, ya tura shi cikin bututun. Baƙin man takalmi shi ne tawada, ƙarfen bakin igiyar takalmi shi ne alƙalami. Wani yaro ya tsinci wasiƙar ya kai wa ɗan jarida Hutchinson Hatch, wanda ya ɗaura waya a jikin zaren, bututun ya zama hanyar aike. Ta nan aka turo masa ruwan asid mai cin ƙarfe, ya yanke sandunan taga, garin goge haƙori kuwa ya hana asid ɗin malala. Da shi kuma ya yanke wayar lantarki, haraba ta yi duhu, aka kira masu gyara daga kamfani, Hatch ya shigo a cikinsu da kayan da Farfesa zai sa.

Ta fuskar tsari, labarin ya yi wa mai karatu adalci, domin duk makaman warwarar an ajiye su a gabansa tun da wuri. Wannan ya sa ya dace da koyar da ɗalibi karatu da lura.

4.0 Jigo: Abin da Aka Faɗa da Abin da Aka Nuna

Jigon da yake a fili shi ne fifikon hankali a kan ƙarfe da dutse. Shi Farfesa yake faɗa tun daga farko, ƙarshen labarin kuma kamar ya gaskata shi. To, amma idan aka bi matakan kuɓutar ɗaya bayan ɗaya, za a tarar da abubuwa uku waɗanda ba daga kansa suka fito ba.

Na farko, hannun mutane. Da yaron nan ya soke dala 10 a aljihu ya yar da ƙyallen, da magana ta ƙare. Da babu Hatch, da babu asid, babu waya, babu tufafin ɓad da kama. Daɗin daɗawa, mahaifin Hatch shi ne manajan kamfanin lantarkin, abin da ya sauƙaƙa shigarsa cikin masu gyara. Shi kansa Farfesa, da aka yi masa wannan ƙorafi, amsar da ya bayar ita ce kowane fursuna yana da wani a waje mai son taimakonsa. Wannan amsa rangwame ne babba daga mutumin da ya ce hankali kaɗai ya isa. Da aka tambaye shi yadda zai yi in babu bututun, sai ya ce akwai waɗansu hanyoyi biyu, bai kuwa faɗe su ba. Hanyar da aka nuna mana, wadda ita kaɗai manazarci zai iya aunawa, ta mutane ce. Hausawa sun ce dabara ta rage ga mai shiga rijiya, amma kowa ya san akwai mai riƙe masa igiya a baki.

Na biyu, gidan yarin kansa mai bin ƙa'ida ne. Ana kawo abinci a kan lokaci, gandurobobi suna amsa tambaya da gaskiya, ba a dūkan fursuna, ba a sa masa mari, ba a sauya masa ɗaki ko da bayan an kama shi yana gurza taga. Farfesa ya ci nasara ne domin ya san abin da masu tsaronsa za su yi gobe, tun da abin da suka yi jiya za su maimaita. Wayo irin nasa yana aiki ne a inda doka ta ɗaure mai tsaro kamar yadda ta ɗaure wanda ake tsaro.

Na uku, Farfesa ba fursuna ba ne na gaske. Da ƙafarsa ya shigo, ba shi da laifi, kuma in ya kasa, abin da zai rasa bai wuce girman kai ba. Fursunan gaske guda ɗaya aka nuna mana sosai, wato Ballard, wanda yake tsare a saman bene. Shi ne ya riƙa jin murya cikin dare tana ambaton asid ta wannan bututu, ya zaci fatalwar matar da ya watsa wa asid ce, ya firgita har ya amsa laifin kisa. Ke nan bututu ɗaya ya fitar da mai natsuwa, ya kuma karya mai tsoro. Marubucin ya wuce wannan wuri da sauri kamar abin raha, alhali a nan ne kawai labarin ya taɓo ainihin abin da ɗauri yake yi wa zuciyar mutum.

5.0 Ma'auni Daga Gida

Ɗalibin da ya fito daga Yalwa ko Wara ko Shanga ba baƙo ba ne ga wannan jigo. Tun yana ƙarami ya ji tatsuniyar Gizo da aka kama shi yana sata a gona, aka ɗaure shi kafin a zo a hore shi, sai ga Kura, ya ce mata an ɗaure shi ne don ya ƙi cin nama. Kwaɗayi ya sa ta kwance shi ta shiga igiyar, ta sha azabar da aka tanada dominsa. Gizo da Farfesa sun yi tarayya wajen karanta halin abokin karawa, amma tatsuniya ta fi labarin Futrelle gaskiya a wuri guda: ba ta ɓoye cewa kuɓutar mai wayo wani ne yake biyan kuɗinta. A labarin Futrelle ba a tambayi makomar mai gadin ƙofar da ya bar fursuna ya fice ba.

Tarihin Yauri ma yana da nasa ɗaurarre. A 1806 Mungo Park ya iso Yauri ta kogin Kwara, inda tafintansa Amadi Fatuma ya rabu da shi, shi kuwa Park ya wuce ya halaka a Busa, tsohon garin da tafkin Kainji ya shanye bayan kammala madatsar ruwa a 1968. Bisa ga bayanin da Amadi ya bayar daga baya, wanda aka buga a 1815, wani hakimi ya danne kyautar da Park ya aika wa Sarki, saboda haka aka ƙwace kayan Amadi, aka sa shi a mari har wata 3, kafin Sarki ya sake shi. Amadi mutum ne mai harsuna da yawa wanda ya ratso da jirgi tun daga Sansandin a ƙasar Mali ta yau, ba za a ce masa maras dabara ba. Duk da haka bai fita ba sai da mai iko ya ga dama.

Misali na uku shi ne mafi zafi. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, suka tafi da ɗalibai masu yawa da waɗansu malamai. An yi ta dawo da su rukuni-rukuni, amma 'yan mata 11 suka daɗe a hannu, iyayensu suna ta neman taimakon jama'a, na ƙarshensu kuwa ba su dawo gida ba sai a cikin 2023. A dajin da aka tsare su babu ƙa'idar da za a karanta, babu ganduroba mai jin tsoron hukuma, kuma kuskure ɗaya yana iya zama ajali. Malamin da ya tsaya gaban aji a wannan ƙasa ya ce darasin labarin shi ne mai hankali ba ya daɗewa a ɗaure, to ya yanke wa waɗannan yara hukunci bai sani ba, watakila kuma ƙannensu suna zaune a gabansa.

6.0 Shawara Ga Malamai

Wannan bai nuna a bar koyar da labarin ba. Abin da ake bukata shi ne a sauya tambayoyin da ake yi a kansa. Bayan ɗalibai sun tsamo alamun da marubuci ya shuka, a sa su jera matakan kuɓutar, su ware waɗanda Farfesa ya yi shi kaɗai da waɗanda sai da hannun wani. A sa su nemo dokokin gidan yarin da ya dogara a kansu, su faɗi abin da zai faru in an karya guda ɗaya. Daga nan a sa su sake rubuta dare ɗaya daga cikin labarin ta bakin Ballard ko ta bakin mai gadin ƙofa. Da haka ɗalibin da ake horarwa don aikin koyarwa zai koyi rarrabe maganar tauraro da maganar labari, wanda shi ne matakin farko na tarke.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa "The Problem of Cell 13" labari ne mai ƙulli nagari, wanda ya cancanci sunan da ya yi fiye da shekara 100. An kuma nuna cewa iƙirarin tauraronsa ya fi abin da labarin ya tabbatar girma, domin kuɓutarsa ta rataya ne a kan amanar yaro, da himmar aboki, da bin dokar masu tsaro. Tatsuniyar Gizo da tarihin Yauri, na da da na yanzu, sun ba ɗalibanmu ma'aunin da za su gane haka fiye da masu karatun Boston na 1905. Aikin malami shi ne ya bar su su yi amfani da wannan ma'auni, domin su fita daga aji da sanin cewa nauyin kuɓutar ɗaurarre ya fi hawa kan waɗanda suke waje.